Jakar da Kawu ke ɗaurewa a ƙarƙashin sirdi

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, ita ce shekarar da aka tura ni koyarwa a wata firamare ta ƙauye, yamma da Ƙofar Kabuga. Shekarata ashirin da shida a lokacin, ban yi aure ba, ina kwana a ɗakin zauren gidanmu. Mota ba ta shiga ƙauyen sai ranar kasuwa, don haka na sayi keke. Sabo ne fil, baƙi, ban ma yarda an cire takardar da aka naɗe ƙarafunansa da ita ba, sai da ruwan sama ya jiƙa ta ta zube da kanta.

Na iya hawan keke tun ina ƙarami, amma ban taɓa kwance ko noti ɗaya a jikinsa ba. A cikin birni babu dalilin da zai sa ka koya, domin duk inda ka ɓulla akwai mai faci a gindin bishiya da bahon ruwansa. Sai da na fara fita bayan ganuwa na ga cewa daga inda kwalta ta ƙare babu komai sai gonakin gero da dawa. Abin ya ba ni tsoro. Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na kwaso duk abin da mai shago ya ɗaga ya nuna mini: sifana manya da ƙanana, filaya, ƙaramar guduma, sukundireba biyu, sholisho, gwangwanin giris. Na zuba su cikin wani akwatin ƙarfe na ɗaure a kariyar bayan keken. Idan na taho, tun daga bakin lungu ake jin kwaram-kwaram ɗina, Inna kan ce ba sai na yi sallama ba.

Inna ita ce mahaifiyata, kuma tana da wa guda ɗaya, marini a Ƙofar Mata. Kawu muke ce masa. Hannuwansa shuɗi ne har gwiwa, babu sabulun da ke fitar da shi. Ya fi shekara talatin yana ɗora rinannen kaya a keke yana zaga kasuwannin ƙauye, kuma ban taɓa jin an ce ya dawo gida yana tura keken ba. Abin da yake tafiya da shi na gyara wata 'yar jakar fata ce da ba ta fi tafin hannu biyu ba, a ɗaure a ƙarƙashin sirdi, sai famfo a jikin ƙarfe. Tun ina yaro nake ganin jakar, ban taɓa ganin cikinta ba.

Ranar da ya fara ganin akwatina a ƙofar gida, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya ajiye.

Ya ce, “Malam, koyarwa aka tura ka ko gareji za ka buɗe musu?”

Tun da na fara aiki ya koma ce mini Malam, rabi girmamawa rabi tsokana. Na ce, “Kawu, ai gara a tafi da shiri. Kai me ke cikin taka jakar?”

“Tarkace ne.”

“A buɗe mini in gani mana.”

Ya ce, “In na nuna maka yanzu dariya za ka yi. Bari sai ranar da buƙatarta ta taso.” Ya shige cikin gida wajen ƙanwarsa ya bar ni a tsaye.

Mako na uku da fara aiki, ina dawowa bayan azahar, tayar baya ta sace. Har wani daɗi na ji, don na samu damar buɗe akwati. Na kifa keken, na ɓanɓare tayar da sukundireba, na zaro tub, na hura, na bi shi kaf ina neman huji. Babu. Na tsiyaya masa ruwan butata kaɗan-kaɗan har ruwan ya ƙare. Babu. Na mayar, na buga iska, na hau, ban yi tafiyar kirki ba ta sake kwantawa. Sau uku ina haka, gumi ya jiƙa mini riga, hannuna ya yi baƙi ƙirin.

Ina zaune a gefen hanya sai ga wani dattijo a kan keke, dogo siriri, daga baya na san dillalin shanu ne da ke zaune a wajen Kabuga. Ya yi sallama ya sauka. Bai ko dubi kayan aikin da na baje a ƙasa ba. Ya ce in buga iska. Da na buga, ya lakato yawu a yatsa ya shafa a bakin bawul. Nan take yawun ya kumbura ya fashe.

Ya ce, “Tub ɗinka lafiya lau yake. Robar bawul ce ta tsage.”

Ban ma san akwai wata roba a cikin bawul ba. Ya cire hularsa, ya laluba cikin naɗinta, ya fito da wata 'yar roba siririya kamar tsinken tsintsiya. Ya gutsure kaɗan da haƙori, ya zare bawul ɗin, ya cire tsohuwar, ya jiƙa sabuwar da yawu ya zura. Duka aikin bai kai tsawon alwala ba.

Na ce, “Baba, ita ke nan abin da kake tafiya da shi?”

Ya ce, “Da famfo. In abin ya fi haka, ai ina da ƙafa.”

Daga ranar wata ɗabi'a ta kama ni. Duk mai keken da muka jera a hanya, ko muka tsaya shan ruwa a rijiya ɗaya, sai na san yadda na yi na tambaye shi abin da yake ɗauke da shi. Wasu su yi dariya su nuna mini, wasu su dube ni kamar mai leƙen asiri, don a lokacin ana ta kamfen, kowa yana zargin kowa da yi wa wata jam'iyya aiki. Hedimastanmu tub guda yake naɗewa cikin tsohuwar safa, ya ce shi ba ya faci a hanya, canzawa yake yi, facin sai ya koma gida. Wani mai tallan kananzir babu abin da yake riƙewa sai waya da filaya, domin shi kariya ce ke yawan karye masa. Wani wanzami ya nuna mini 'yan haƙoran sarƙa guda uku a ƙulle cikin tsumma, ya ba ni labarin ranar da sarƙa ta tsinke masa yana sauri zuwa askin suna, ya isa an riga an watse. Na lura kusan kowa yana ɗauke da maganin abin da ya taɓa ba shi kunya ne. Wannan ya ƙara mini son ganin jakar Kawu, mutumin da ban san abin da ya taɓa ba shi kunya ba.

Da aka yi hutun damina, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kawu ya same ni a zaure. Ya zauna, muka gaisa, yana murza carbi.

Ya ce, “Jibi ina da kasuwa, gaba da ƙauyenku kaɗan. Ko za ka raka ni?”

Na yi mamaki, don ban taɓa jin ya nemi rakiya ba. 'Ya'yansa maza biyu suna Legas, amma ko lokacin da suke gida shi kaɗai yake tafiyarsa. Na ce to. Har ya miƙe ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo.

“Kada ka bar garejin nan naka a gida.”

Na ɗauka tsokana ce.

Muka fita bayan hantsi ya ɗan ɗaga. Ya ɗaure ƙunshin turamen da ya rina a kariya, ya lulluɓe da leda saboda hadari. Jikin katangu duk hotunan 'yan takara ne, wani a kan wani. Da muka fita Ƙofar Kabuga na rage gudu don ya wuce gaba, tunda shi ne babba kuma shi ya san hanya. Sai ya ce a'a, in shiga gaba, shi zai biyo ni. Duk lokacin da na waiga sai in gan shi dab da ni, tayarsa ta gaba kamar za ta taɓa tawa ta baya. Idan na kauce wa rami, ya kauce. Idan na tsaya da feda a gangara akwatina ya yi shiru, sai in ji ya ce, “Malam, kana nan?”

Mun wuce ƙauyenmu, mun shiga wata siririyar hanya tsakanin gonaki, sai na hango fasasshiyar kwalba a tsakiyar hanya, gindinta a tsaye, tana ƙyalli a rana. Na ɗan karkata kaɗan na wuce ta, ban ce komai ba, don ko daga nesa ana ganinta. Sai na ji fam! a bayana. Kafin in juyo Kawu ya dire ƙafa, keken ya karkata, amma bai faɗi ba.

Tayar gaba ce. Ba huji ba ne, tsagewa ta yi a gefe, tsawon ɗan yatsa, har ana hango tub a ciki shi ma a yage. Na duba akwatina a raina na san babu abin da ke ciki da zai yi maganin wannan. Na ce sai dai in koma birni in sayo taya.

Kawu ya ce, “Sauke kayan nan. Jawo keken inuwa.”

Muka koma gindin wata ɗorawa. Ya tsuguna, ya kwance jakar daga sirdi, ya shimfiɗa hankicinsa a ƙasa, ya zazzage ta a kai. Na manta da tsagewar taya, na durƙusa ina kallo.

Gaskiyarsa, da a gida ya nuna mini da na yi dariya. Akwai cokula biyu da aka yanke kawunansu, aka daddale bakin mariƙin. Akwai sifana guda ɗaya tak, irin mai ramuka da yawa. Akwai murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa ya yi kaushi. Akwai guntayen tsohon tub da aka yanka zagaye-zagaye, manya da ƙanana. Sholisho yana cikin wata 'yar kwalbar turare, an toshe bakinta da leda an ɗaure da zare. Ga robar bawul, ga guntuwar waya, ga reza a cikin takardarta. Sai wani yankin fata mai laushi, da basilla a soke a jikinsa, da zaren dukawa da aka shafe da kakin zuma.

Na ɗauki kwalbar na ce, “Me ya sa ba ka bar shi a mazubinsa ba?”

“Wancan da ka buɗe sau ɗaya shi ke nan, zafi zai shanye shi. Naka yaushe rabonka da dubawa?”

Na buɗe akwatina na matsa nawa. Ya bushe ƙamas, ko ɗigo bai fito ba. Wata biyu ina yawo da shi a haka.

Da cokulan nan ya ɓanɓare tayar, cikin sauƙi, ba tare da ya ƙwarzani tub ba. Ya ce sukundireba da nake amfani da ita ita ce ke ƙara wa mutane huji na biyu. Ya bi cikin tayar da yatsa a hankali ya tsince ɓarɓashin kwalba, har ya zaƙulo wata tsohuwar ƙayar tsidau da ta daɗe a maƙale. Ya kankare gefen yagewar tub da murfin gwangwanin, ya kankare facin, ya shafa sholisho a duka biyun, ya ajiye su a kan gwiwarsa.

Na ce, “Ba za ka manna ba?”

“Sai ya daina kama yatsa. Masu gaggawa a nan suke ɓata aiki.”

Muna jira sai ga motar kamfen a babbar hanya can nesa, da lasifika, ana waƙa ana kiɗa. Kawu ya karkata kai yana saurare har ta wuce, ya ce shi dai duk wanda ya ci, ya taimaka ya zuba wa hanyar nan tsakuwa. Ya taɓa facin da bayan yatsa, ya manna, ya danne tsakanin tafukansa.

A nan na fara lura da wani abu. Duk aikin nan da yake yi, ba ya kallon hannunsa. Fuskarsa tana fuskantar gona, yatsunsa ne ke tafiya. Na ɗauka gwaninta ce, har ina sha'awa. Sai ya zare basillar daga fatar, ya warware zaren, ya ɗaga su sama wajen haske. Ya kai zaren, ya wuce gefe. Ya sake kaiwa, ya wuce. Ramin basilla ba ƙarami ba ne, ba kamar na allura ba. Ya gwada na uku, sannan ya sauke hannu ya miƙo mini.

“Zura mini.”

Na zura na miƙa masa. Ya miƙo hannu, amma ba daidai inda nawa yake ba, sai da na kai basillar cikin tafinsa.

Na ce, “Kawu, kwalbar nan ba ka gan ta ba?”

Ya yanki fatar da reza, ya shimfiɗa ta ta cikin tayar daidai tsagewar, ya fara ɗinki, yana soka basilla ta fata ta fito ta roba, yana ja da ƙarfi. Sai da ya yi kusan rabi ya yi magana.

“Idona na dama ya fi shekara da rufewa. Na hagu da shi nake lallaɓawa. Tun azumi shi ma ya fara, kamar an shafa man shanu a gilashi. Farar rigarka ina ganinta. Rami ba na gani.”

“Shi ya sa ka ce in zo da akwatin.”

Ya yi 'yar dariya. “Ai ya yi rana. Tun daga Kabuga shi nake bi.”

Na tambaye shi yadda yake rini a haka, ya ce rini ba ya buƙatar ido sosai, da hanci da harshe yake sanin ruwan baba ya nuna, hannu kuma ya san nauyin zane idan ya sha. Hanya ce ta fara gagararsa. Makon da ya wuce ya faɗa kwalbati a wajen gari, ya ce wa iyalinsa santsi ne.

Ya ƙarasa ɗinkin, ya ƙulle, ya datse zaren da haƙori. Ya barbaɗa wa facin ƙasa mai laushi don kada ya manne da taya, ya mayar da tub, ya ce in buga iska amma kada in cika. Wurin ɗinkin ya ɗan kumbura kamar ƙurji, amma ya riƙe. Yana mayar da kayan cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, yana shafa hankicin don kada ya bar wani abu, ya ce, “Wannan maganar ta tsaya a gindin ɗorawar nan. Kada uwarka ta ji.”

Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Muka isa kasuwa ana kiran azahar. Na zauna gefensa ina kallon yadda yake gane masu sayen kayansa da murya tun kafin su gama sallama, yana zaro wa kowa irin turmin da ya saba saye. Babu wanda ya lura da komai. Da za mu dawo na riƙa faɗa masa hanya da baki: rami a dama, yashi a gaba, ga jaki nan tafe. Can ya ce, “Ka riƙa faɗa da wuri, ba sai na iso ba.” Tayar ta kawo mu har Ƙofar Mata ba mu ƙara iska ba.

Kwana biyu ina juya maganar. Na san idan na faɗa zai ji haushina, na kuma san Lahadi mai zuwa zai ɗaure kaya ya fita, da ni ko ba ni. Ranar Laraba da safe Inna tana tankaɗe a tsakar gida na tsuguna na gaya mata. Ta ajiye rariyar.

Ta ce, “Na sani. Ranar sunan gidan maƙwabta ya wuce ni a lungu bai gane ni ba. Jira nake wani namiji ya gani da idonsa, don ni in na faɗa cewa zai yi surutun mata ne.”

Ta yafa mayafi a take ta tafi gidansa. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai san ya yi sati uku ba ya amsa gaisuwata sai da “lafiya” guda ɗaya, kuma ya daina ce mini Malam, ya koma “kai yaron nan”. Amma ya yarda aka kai shi asibitin ido. Likita ya ce yanar ido ce, an yi wa na hagu aiki bayan an rantsar da sabuwar gwamnati da 'yan kwanaki. Na dama an ce ya daɗe da yawa, akwai wata cutar a bayan yanar, ba a taɓa shi ba.

Ya fito da wani tabarau mai kaurin gindin kofi, wanda ya sa idonsa ya zama ƙato. Bai koma kasuwannin ƙauye ba. Wani abokin sana'arsa ne ya karɓi zagayen, shi kuma ya tsaya a bakin karofi, yana hawan keken daga gida zuwa marina kawai. Ni na yi shekara huɗu ina bin hanyar nan. Na rage kayan akwatina da kaina, kaɗan-kaɗan, har ya zama ba na buƙatar akwatin, na kuma koyi ɗinkin taya, ko da yake nawa bai taɓa yin kyan nasa ba.

Ranar da na san fushin ya wuce, na je marina ne kai masa saƙon Inna. Na same shi a tsugune yana jan wani zane daga cikin baba. Ya ɗago da tabaransa ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, kamar wanda ya daɗe bai gan ni ba.

Ya ce, “Malam, ashe gemu ka tara? Yaushe?”

Na ce ya kai wata biyar.

Ya ce, “Bai yi maka kyau ba. Zauna, ga tabarma can.”